Sa'ad da Likita Ya Ce, "Ba Mu Tabbata Ba Tukuna"



Akwai wata 'yar'uwa a cikinmu wadda ta yi ciwon daji a mama shekarun baya. Aka yi mata aiki, ta sha magani, ta samu sauƙi, muka yi godiya tare. Kwanan nan ta ji wani ɗan kulluɓutu kusa da tabon. Likita ya ɗebi tsoka kaɗan da allura, aka aika Kano domin a duba. Da takarda ta komo, ba ta ce cuta ce ba, ba ta kuwa ce ba cuta ba ce. Tun daga ran nan barci ya ƙaurace mata. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada mu ga laifinta. Mu tambayi kanmu yadda mai bi zai zauna cikin irin waɗannan kwanaki.

Da fari, bari mu gane abin da takardar take faɗi, gama rashin sani yakan ƙara tsoro. A manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, akan jiƙa tsokar a magani don kada ta ruɓe, a sa ta cikin wani kaki na asibiti, a yanka ta siriri ƙwarai, a rina ta, sa'an nan a duba ta da madubin likita. Wani lokaci abin da aka ɗebo yakan yi kaɗan. Wani lokaci allura takan kauce wa ainihin wurin. Kuma inda aka taɓa yin aiki ko gashi, naman wurin yakan sāke kama, har ya rikita mai dubawa. Saboda haka likita mai gaskiya ba zai yi ka-cici-ka-cici da ran mutum ba. Zai ce a sāke ɗiba, ko a cire kulluɓutun duka a duba, ko a gwada da wani irin rini, ko a kwatanta da tsokar farko. Wannan amsa ba hukuncin mutuwa ba ce, ba kuwa sallama ba ce. Ma'anarta ita ce, aiki bai ƙare ba.

Mu mutanen fadama mun san irin wannan zama. Kowace shekara cikin Agusta da Satumba mukan ji labari ruwa yana tahowa daga wajen Tiga da Challawa. Ba wanda ya san ko zai tsaya a bakin gona ko zai ci shinkafa, kamar yadda ya yi mana ɓarna a 2022. Me manomi mai hankali yakan yi? Ba ya ƙone rumbunsa don baƙin ciki tun ruwa bai zo ba. Ba ya kuma kwanta ya ce babu kome. Yakan cika buhuna da ƙasa, ya gyara jinga, ya yi addu'a, da safe ya tafi gona.

Haka Sarki Hezekiya ya yi, kamar yadda muke karantawa cikin 2 Sarakuna sura 20. Da ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuskarsa wajen bango, ya yi kuka mai zafi a gaban Allah. Ubangiji bai tsauta masa saboda hawayen ba. Ya ji shi, ya ƙara masa shekara 15. Amma ku lura, annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani suka tafi tare. Wanda ya ce komawa asibiti rashin bangaskiya ne, bai karanta wannan sura da kyau ba.

Duk da haka ba za mu yi wa kowa alkawarin da Allah bai yi ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, amma aka ba shi alherin da ya ishe shi ɗaukarta. Ku duba 2 Korantiyawa sura 12. Begenmu bai rataya ga takardar likita ba. Ya rataya ga Yesu Almasihu wanda ya mutu ya tashi, wanda mu nasa ne ko cikin lafiya ko cikin ciwo.

Ku tuna kuma da manna a jeji. Isra'ilawa sukan tara ta yini ɗaya ɗaya, wadda aka ɓoye don gobe kuwa ta yi tsutsa. Ƙarfin da Allah yake bayarwa na yau ne. In muka ɗauko nauyin wata mai zuwa muka aza a kan yau, dole mu gaji.

To, ya 'yar'uwa ko ɗan'uwa mai jira, ga shawararmu. Ka koma ranar da likita ya sa maka, kada ka ɗaga. Ka tafi da dukan takardunka na dā. Ka tafi da wani wanda zai taya ka ji, ka kuwa tambayi likita abin da za a yi gaba, da ranar da za a yi shi. Kada ka bari wanzami ya tsaga wurin, kada ka ba da kuɗin motarka ga masu tallar magani a kasuwa. Yawancin masu wannan ciwo a ƙasarmu sukan isa asibiti a makare, jinkiri kuwa shi ne abokin cutar.

Mu kuma ekklesiya, namu fa? Kada mu ce zunubi ne ko sammu. Kada mu yayata asirin mai ciwo da sunan roƙon addu'a, sai da yardarsa. Hanyar Kano tana da nisa, tana cin kuɗi. Dattawa su duba baiko, zumuntar mata su zaɓi mai rakiya, matasa su shiga gonar gidan. Wanda ba shi da abin faɗi, ya je ya zauna kawai.

'Yar'uwarmu za ta koma asibiti a mako mai zuwa, mata biyu za su raka ta. Ku tuna da ita a sujadarku ta safe. Allah na salama ya tsare zukatanmu duka. Amin.