Lodin Da Ya Wuce Ƙima Ba Tawakkali Ba Ne

'Yan'uwa Musulmi na Kumbotso, da Panshekara, da Tamburawa, da duk wanda kogin Challawa ya ratsa tsakaninsa da gonarsa ko wurin aikinsa, mu ji tsoron Allah game da rayukan da muke zubawa a kwale-kwale.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya tashi daga ƙauyen Badau zai tsallaka madatsar Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, za su je Mauludi. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya kife, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara. Allah Ya jiƙansu. A watan Mayun shekarar an ga irin haka a Warrah ta Kebbi, sai Patigi ta Kwara a Yunin 2023, inda 'yan biki fiye da 100 suka halaka suna dawowa cikin dare.

Duk lokacin da aka yi, sai a ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu ran da zai wuce kwanansa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke wanda ya yi sakaci ba, shi ya sa shari'a ta ɗora diyya a kan kisan kuskure. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma wa zai ce ya fi Umar tawakkali?

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta hana wuce adadin fasinja, ta wajabta rigar kariya. Ina abin da ya saɓa wa addini a nan? Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, bin mahukunta a kansa kuwa ibada ce.

Ya kai ɗan fito, na san man injin ya yi tsada, na san sawu ɗaya cike ya fi maka biyu rabi-rabi. To, lissafa kuɗin mutum goman da ka ƙara. Shi za ka riƙe a gaban Ubangiji idan uwa ta tambaye ka ɗanta?

Amma fasinja na fi nufi. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da mutanen jirgi: na ƙasa suna son huda rabonsu, in na sama suka ƙyale su kowa ya nutse, in suka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Mu kuwa muna ganin ruwa ya kusa bakin katako, magariba ta kawo jiki, sai mu yi shiru don kada a ce mana matsorata. Wani ma shi ke roƙo, "Malam, a taimaka a matsa, mutum ɗaya ne." Sauka ka jira sawu na gaba, ka kuma faɗa da ƙarfi dalilin saukarka.

Malaman Islamiyya da masu shirya ɗaukar amarya, ku ne aka damƙa wa 'ya'yan mutane. Ku ƙirga kawuna tun a gaɓa, ku raba yara sawu-sawu, kowane sawu da babba mai iya iyo, ku kuma tashi taro da la'asar don a tsallaka da sauran rana.