Mai Tsaro da Ƙahonsa

A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko, ana haƙar kwal domin masana'antar siminti ta Ashaka, mazauna wurin kuwa sun daɗe suna kuka a kan ƙura da ɓacin ruwan sha. A irin wannan aiki injiniya ne yakan fara sanin gaskiya, gama sakamakon awon ruwa a teburinsa yake sauka tun kafin yaro ya kwanta ciwo.

Cikin Ezekiyel sura 33, mai tsaron da ya hango takobi ya ƙi busa ƙaho, a hannunsa Ubangiji zai nemi jinin wanda ya hallaka. Wannan gargaɗi ya shafi injiniya mai bi da ke zaune a GRA ta Gombe, yana shan ruwa mai tsabta. Wajibi ne ya faɗakar da shugabanninsa a rubuce. In sun toshe kunne, ya kai maganar hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007.

Abin da wuya. Yana iya rasa aikinsa, kuɗin makarantar yara kuwa ba ya jira. A nan ne ikkilisiya takan yi sanyi: ta karɓi zakkarsa shekara da shekaru, amma ranar da aka sallame shi, dattawa ƙalilan ne ke taka ƙofar gidansa.