KUNYA DA RAI: MAGANA A KAN HAIHUWA DA SHAYARWA

Ya kai mai-karatu, wanda ka shigo hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna kana bincike, akwai wata tambaya da ta kan iske kowane gida, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Ran da matarka ta durƙusa, mene ne Allah ya ke nema a gare ku? Iyayenmu sun bar mana tasu amsa, kalma ɗaya ce, watau kunya. Mace ta gari, in ji su, ba ta faɗin cikinta, ba ta kuka a kan gwiwa, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuwa rungumarsa a gaban mutane. Daga Ƙanƙara har Faskari, har Sabuwa can wajen iyakar Birnin Gwari, da Musulmi da Bamaguje da Kirista, dukanmu cikin wannan tarbiyya muka tashi.

Kada ka zaci za mu zagi kunya. Ita ce ta kan hana yaro ɗaga murya a gaban dattijo, ita ce ta kan tsare budurwa, kuma gidan da ba ta ciki ba shi da daɗin zama. Mai-bin Yesu ba a ce masa ya yar da ita a bakin ƙofar ikilisiya ba. Abin da mu ke tambaya shi ne, ko akwai wurin da kunya ta kan daina zama ado ta koma laifi. Mu dai mun ce akwai, wurin kuwa shi ne inda aka sa ta a ma'auni ɗaya da ran mutum.

Ka dubi yadda abin ya kan faru. Yarinya ce da cikin fari, an kai ta gidan iyayenta goyon ciki. Ciwo ya taso mata bayan magariba, ta yi shiru, gama ta ji ana yabon wance da ta haihu ita kaɗai a ɗaki, ba wanda ya ji motsinta sai da jariri ya yi kuka. Gari ya waye ba ta sauka ba. Tsofaffi suka ce ta yi haƙuri, haka kowa ta yi, aka ba ta jiƙo. Kwana na biyu aka ce gishiri ne ya tare hanya, aka kawo aska aka yanka. Sai a kwana na uku aka shiga neman mai-babur. Duk wannan lokaci kan ɗan ya tokare a ƙugu, yana matse mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina kaiwa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Ɗan dai galibi ba ya rai. Uwar kuwa ta tashi da yoyon fitsari, dare da rana, har mata su daina zama kusa da ita a gidan suna, wani lokaci miji ya sallame ta. A Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, wurin da a dā a ke jinyar kutare, wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya soma ɗinke irin waɗannan mata tun cikin shekarun 1980, an kuwa warkar da dubbai a can. Amma ina amfanin a kai mutum bakin kabari domin a nuna gwanintar dawo da shi? Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ne su ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa. Kowace ɗaya a cikinsu ɗiyar wani ce.

Wataƙila ka ce, ai Allah ne ya ɗora wa mace wahalar haihuwa tun daga Hawwa'u, wa ya isa ya rage mata? Gaskiya ne an faɗi wannan a Farawa sura 3. Amma ka ƙarasa karatun, gama a wurin nan kuma aka gaya wa namiji da gumi za ya ci abinci, ƙasa kuma za ta tsiro masa ƙaya. To, ka taɓa ganin manomin da ya ƙi garmar shanu domin kada ya rage gumin da aka rubuta masa? Ko wanda ya bar ƙaya ta cinye masa masara don tsoron saɓa wa Allah? Babu. Kai ka nemi sauƙi a gonarka, ba wanda ya kira ka mai-zunubi. Don me za a hana ita sauƙi a kan gwiwa? An yi irin wannan muhawara a ƙasar Turawa. A 1847 wani likita a Edinbara, James Simpson, ya soma ba mata maganin da ke ɗauke zafin naƙuda, waɗansu suka yi gunaguni, har sai da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙa a haihuwarta ta 1853, sa'an nan bakuna suka fara mutuwa.

Wani kuma ya ce, ni na ba da gaskiya, addu'a ta ishe ni, zuwa awo rashin bangaskiya ne. Ɗan'uwa, ka yi hankali da wannan magana, gama tana da kamar ibada amma ba ita ba ce. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu bisa ƙololuwar haikali ya ce masa ya diro, tun da mala'iku za su tallafe shi, Ubangiji ya ƙi, domin wannan gwada Allah ne. Wanda ya zauna da mace tana zubar da jini, ga asibiti ga hanya, ya ce yana jiran ikon Allah, ya hau ƙololuwar nan ke nan, ya kuwa tura wata, ba kansa ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Ungozomomin nan biyu na Masar, Shifra da Fu'a, an ajiye sunayensu a Littafi Mai-Tsarki har yau, Fir'aunan da ya umurce su kuwa ba a ko faɗi sunansa ba. Ka yi addu'a, lalle, amma kana yi kana ɗaura wa babur mai.

Ba mu ce kowace haihuwa cuta ce ba. Jikin mace aikin Mahalicci ne, ya kuwa san abin da ya gina. Yawancin mata su kan sauka da kansu lafiya, ba wuƙa ba allura, in dai akwai mai-sani a kusa wadda za ta gane in abu ya karkace. Wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya koyar tun 1933 cewa tsoro ya kan ɗaure jiki, ɗaurewa kuma ta ƙara zafi, saboda haka macen da aka bayyana mata abin da za ya same ta ta fi samun sauƙi. Mu kuwa me mu ke yi? Mu kan bar yarinya ta shiga daren nan ba wanda ya taɓa gaya mata kome, domin uwa tana kunyar ɗiyarta, ɗiya tana kunyar uwarta. Ku matan zumunta, wannan aikinku ne. Ku zaunar da ita tun ciki yana ƙarami, ku gaya mata yadda naƙuda ta ke somawa, ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, ta sha ruwa, ta ja numfashi a hankali, kada ta yi nishi sai lokaci ya yi. Ku koya mata alamun da ba a kwana da su: jini, ciwon kai mai-tsanani da duhun gani, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, ko naƙuda ta wuce awa 12. In kuwa likita ya ce sai tiyata, kada wata ta yi mata gori cewa ta kasa. Wadda aka tsaga aka ciro mata ɗa, ita ma uwa ce cikakkiya.

Ke kuma, 'yar'uwa, ki tuna da macen nan a Markus sura 5, wadda ta shekara 12 tana zubar jini. Kunya ce ta sa ta bi ta baya cikin taro. Ta warke, amma Ubangiji bai bar ta ta sulale ba, sai da ta fito ta faɗi dukan abin da ya same ta a gaban jama'a, sa'an nan ya kira ta ɗiya, ya sallame ta da salama. Bai ƙyamace ta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ciwo ya taso, ki buɗe baki.

Yanzu ga ɗa ya faɗo, an yi barka da arziki. A nan ma akwai wata asara da mu kan yi da hannunmu. Nonon farko, mai-kauri, mai-ruwan ɗorawa, wanda mu ke kira dakashi, an ce mana ƙazanta ne, sai a tatse a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa, ko nonon akuya, ko jiƙe-jiƙe, har kwana biyu ko uku. Mai-haihuwar fari kuma tana kunyar ɗaukarsa, tana kawar da kai. Ashe abin da a ke zubarwa a bayan ɗaki shi ne rigakafinsa na farko. A cikinsa uwa ta kan ba ɗanta garkuwar da jikinta ya tara a kan cututtukan gidan nan da za ya zauna ciki; shi ne ya kan shafe masa hanji, ya kuma fitar da baƙin kashin farko. Kaɗan ne, i, amma cikin jariri ran da aka haife shi bai wuce ɗan goro ba. Tsotson kuma ya kan sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, nono ya yi saurin kawowa. Ka yi tunani: wanda ya yi wata tara yana sifanta yaro cikin duhu, za ya manta da abincin ranar fitowarsa? Mu kan gode masa a kan tuwo kafin mu ci, sa'an nan mu zubar da abin da ya dafa da kansa.

Domin wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a sa masa nono cikin awa ta farko; a ba shi nono zalla har wata 6, ba ko ruwa; daga nan a haɗa da kunu da abinci mai-laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Na san inda kakar yaro za ta tsaya. Za ta ce, a zafin bazara, a hana ɗan mutum ruwa? Wannan mugunta ce! Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kada a amsa mata da tsawa. A gaya mata cikin ladabi, mafi yawan nono ruwa ne, kusan kashi 87 cikin 100, tatacce kuma, ba irin na rijiya ko na tafki ba wanda ya kan kawo zawo, zawo kuma ya kawo tamowa. In ana jin ƙishi, uwar ce za ta sha, ta ƙara sa ɗan a nono. A binciken nan na 2018, jarirai 29 kaɗai cikin 100 a ke ba nono zalla a ƙasarmu. Madarar gwangwani kuwa tana da wurinta ga maraya, ko inda likita ya ce, amma ba alamar arziki ba ce.

Batun wankan jego ba za mu daɗe a kansa ba. A yi wanka, a huta, a ci ƙauri. Sai dai likitocin Zariya sun lura tun shekarun 1970 cewa kwanciya a kan gado mai-wuta da yawan kunun kanwa suna tafiya tare da ciwon zuciya bayan haihuwa. A rage kanwa, a sassauta zafin ruwa. Mai-jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi kuma yana yi mata wuya, a kai ta asibiti ran nan.

Sauran magana taka ce, maigida, gama a ƙasarmu mace ba ta fita sai da izininka, kuɗi kuma a aljihunka su ke. Elkana bai matsa wa Hannatu ta bi shi Shilo ba, ya bar ta a gida har ta yaye Sama'ila. Bulus kuma ya gaya wa Afisawa miji ya kula da matarsa kamar jikin kansa. Mai-shayarwa tana ci domin mutum biyu, kada kasonta ya zama ragowar tukunya, kada kuma a bar mata surfe da ɗiban ruwa tun ba ta yi arba'in ba. Ka kuma san halin hanyoyinmu a shekarun nan, tun kafin Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara: tafiyar dare ba abin wasa ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba ta izini tun yau, a gaban uwarka, cewa ko ba ka nan a fita da ita. Da kaka, in ka sayar da masara ko waken suya, ka ware kuɗin mota ka ba wanda ka amince da shi ajiya. Ka san wanda za ya ba da jini in an nema. In ƙauyenku yana nesa, ko an gaya mata a wurin awo cewa cikin yana da hatsari, ka kai ta wurin dangi ko 'yan'uwa masu-bi a Funtuwa, ko Malumfashi, ko cikin garin Ƙanƙara tun watan haihuwa bai tsaya ba, ta zauna kusa da asibiti har Allah ya sauke ta lafiya.