Ribar Gidan Dambe: Ta Mai Ƙofa ko ta Mai Jini?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda ɗan kasuwar Kurmi yake auna cinikinsa: ya ware uwar kuɗi gefe guda, abin da ya saura shi ne riba. To, da wane mudu za a auna ribar gidan dambe, inda hajar da ake sayarwa jikin ɗan Adam ce?

Asali dai dambe wasan mahauta ne. Idan kaka ta yi, sai rundawa su bi ƙauyuka da kalangu, a yi yanka, da yamma kuma a ja daga. Wanda ya yi kisa, 'yan kallo su yi masa kyauta a bainar jama'a, daga hannun mai bayarwa zuwa hannun mai gumi. Makaɗi ma yana biyan ɗan dambe da suna, domin ba don Ɗan Anace ba, da wuya sunan Shago ya kawo yau.

Yanzu kuwa an kewaye fili, an sa ƙofa, sai ka biya ka shiga. A Kano ana yin wasan a bayan ganuwa, a Ado Bayero Square da ke Sabon Gari, inda Kudu da Arewa da Guramada suke karawa, wani lokaci har a sa mota. Sannan kyamara ta shigo, miliyoyin mutane suna kallon dambe a YouTube. Kuɗi sun yawaita, amma sun daina bi ta gaban idon kowa.

Mai son ya ga inda wannan hanya take ɓullewa, sai ya dubi kamfanin UFC na Amurka, mai shirya faɗan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji. A 2001 an saye shi dala miliyan 2, a 2016 aka sayar da shi kimanin dala biliyan 4. Amma a 2014 wasu 'yan wasansa suka kai shi kotu, takardun shari'ar kuma suka nuna cewa kason masu faɗan bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ba. A 2024 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 375 a yi sulhu. Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda ya bar kamfanin a 2023 yana riƙe da kambun manya, cikin abubuwan da ya nema har da inshorar lafiya ga 'yan wasa.

Wani zai ce, ai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ni ban tafi har can ba. Mai shirya wasa yana zuba jari, yana kuma iya karyewa. Shi kansa UFC ya yi shekaru yana tafka asara kafin 2005. Haƙƙinsa ne ya ci riba. Inda nake da magana shi ne yadda ake lissafin. Ana ɗaukar ɗan dambe tamkar ɗan ƙodago, alhali kuwa abokin tarayya ne, don shi ma ya zuba jari: ido da haƙori da ƙwaƙwalwa. Mai ƙofa in ya karye, yana iya cin bashi ya sake tashi, amma ba a sayar da ido a Kurmi. Saboda haka littafin da bai cire wannan uwar kuɗi ba kafin ya rubuta riba, dukiyar wani ya haɗa a ciki. (Mu marubuta da muka taɓa miƙa littafi ga ɗan kasuwa, muka zauna jiran ciniki, ba sai an yi mana dogon bayani ba.)

Mu 'yan kallo ma da hannunmu a ciki, tunda kisa muke biyan kuɗi mu gani, in aka tashi babu kisa har tsaki muke yi. Wanda aka buge ƙasa ke nan shi ya ba mu rabin abin da muka saya. Ranar damben mota mutum ɗaya ne zai karɓi makulli, sauran da suka tara jama'a na tsawon kwanaki a Adaidaita Sahu za su koma masauki. Kafin a naɗe musu hannu da zare, ya kamata kowannensu ya san nawa ƙofa ta tara, nawa ne kasonsa, kuma wa zai biya likita in leɓe ya tsage.