Mai Rumbu da Addu'ar Abincin Yini

Duk ranar Lahadi mukan miƙe tsaye a majami'a mu yi Addu'ar Ubangiji, wadda ke cikin Matiyu sura 6 da Luka sura 11. A tsakiyarta akwai roƙon abinci, kuma na yini guda kawai. Bakinmu ya saba da shi har mun daina jin nauyinsa. Amma a benci ɗaya sai ka ga mutum biyu: magidanci da ya baro buhunan masara jibge a ɗaki, da gwauruwar da ba ta san ko za ta ɗora tukunya da daddare ba. Ita dai mun san abin da take roƙo. Shi fa, me yake roƙo?

Idan an yi wannan tambaya, mukan tuna da manna a Fitowa sura 16. Shekara 40 Isra'ilawa suna fita kowace safiya su tsinci na yinin, sai a rana ta shida ne suke ɗibar na kwana biyu saboda Asabar. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun wayi gari ya yi tsutsa, yana wari. Daga nan wasunmu kan ce tanadi ƙarancin bangaskiya ne.

Ba mu yarda ba. Mu ba a jeji muke ba, kuma damina sau ɗaya take zuwa mana a shekara. Manomin da ya cinye geronsa da kaka yana cewa Allah zai tanada, shi ne zai shiga watan Agusta yana bin gidaje neman rancen mudu. A Littafi Mai Tsarkin nan dai aka ba da labarin Yusufu, wanda ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar har shekara bakwai. Rumbu ba laifi ba ne.

Sai dai mukan tsaya a Farawa sura 41, ba mu cika ƙarasawa zuwa 47 ba. A can, da yunwa ta yi tsanani, Masarawa suka ba da kuɗinsu, sannan dabbobinsu, sannan gonakinsu da kawunansu, duk don hatsin da aka tara daga gonakinsu. Da wuya mu ji an yi wa'azi a kan wannan surar, wataƙila don ta yi kama da mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abinci ya yi tashin gwauron zabo, akwai daga cikinmu masu sayen hatsi da kaka su kulle, suna jiran ya yi tsada. Daga ribar suke fid da zakka da baiko, mu kuwa mu yi musu tafi.

Addu'ar da Yesu ya koyar ba ta san "ni" ba, da bakin jama'a aka tsara ta. Mai buhuna ba zai iya roƙa wa kansa na yau ba, don yana da shi har na baɗi. In akwai gaskiya a bakinsa, to matar da ke gefensa yake roƙa wa. Ga shi kuwa abin da ya roƙa mata yana ɗakinsa, mabuɗin yana aljihunsa, kuma da an tashi sujada hanya ɗaya za su bi zuwa gida.