Wa Ya Gaji Zaure?

A Janfalan da sauran ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan, idan tsohon gidan gandu zai mutu, zaure ne ke fara zubewa. Sai ka ga ɗakunan ciki sun sha sabon kwano, shi kuwa zankwayensa sun narke, ciyawa ta tsiro a kan soronsa. Ya kamata mu tambayi kanmu dalili.

Kakanninmu da abin da ke kusa da su suka yi gini. Sun yi tubali da jar ƙasa, sun tsaga azara daga giginya don ta fi jure gara, sun shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, sun sa indararo ya jefa ruwan sama nesa da tushe. Da tubali da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846).

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi: yaɓe kafin damina. Lokacin da uba da 'ya'yansa ke noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, yaɓe aikin kowa ne. Yau in mai gida ya rasu, akan raba gado kamar yadda shari'a ta tsara, kowa ya san ɗakinsa da gonarsa. Zaure kuwa ba ya rabuwa. Kowa ta cikinsa yake wucewa, amma babu mai cewa nasa ne ranar kwaɓa ƙasa.

Ba mu ga laifin bulo da kwano ba. Wanda soro ya taɓa zubo wa iyalinsa a ruwan Agusta yana da hujja, ga giginya ta yi wuya, ga maginan ƙasa sun ƙaranta. Abin da ke damunmu shi ne aikin da zauren ke yi. Nan baƙo ke kwana. Nan ake neman aure, a yi zaman makoki, a sasanta rikicin iyakar gona. Nan maƙwabta ke haɗa akushi da dare, har wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ya ƙoshi, asirinsa a rufe.

Duk wannan yana cikin abin da mamacin ya bari, ko da ba ya shiga lissafin mai rabo. Saboda haka ranar da magada suka ja igiya suna auna gona, su zauna kuma su yanke wanda zai yaɓe zauren bana, da wanda zai yaɓe shi baɗi.