Wa Za a Kama da Laifin Lain?

A shekarar 1998, lokacin da intanet ke rarrafe, aka nuna wani fim ɗin zane mai kashi 13 a talabijin ɗin Japan, sunansa Serial Experiments Lain. Ryutaro Nakamura ne ya ba da umarni, Chiaki Konaka ya rubuta labarin. Da mutuwa aka fara: wata 'yar makaranta, Chisa, ta faɗo daga saman bene da gangan. Bayan 'yan kwanaki sai 'yan ajinsu suka riƙa samun saƙon imel daga gare ta, wai jikinta kawai ta yar, ita tana nan a cikin Wired, wato duniyar sadarwar kwamfuta ta cikin labarin. Cikin waɗanda saƙon ya iske akwai Lain, yarinya mai shekara 14, shiru-shiru, wadda ko kwamfutarta ba ta damu da kunnawa ba.

Tambayar da fim ɗin ya ajiye mana tsohuwa ce: idan an raba mutum da jikinsa, me ya rage da za a kira shi mutum?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce tunani da abin da mutum yake tunawa. To amma wani fim ɗin, Ghost in the Shell na Mamoru Oshii, wanda ya fito a 1995, ya riga ya karya wannan ƙafar. A cikinsa akwai wani mai kwasar shara da aka yi wa kutse a ƙwaƙwalwa, aka dasa masa tunanin mata da 'ya, alhali gwauro ne, shi kaɗai yake kwana a ɗakinsa. Kewar da yake ji gaskiya ce, iyalin kuwa babu su. Abin da za a iya rubutawa a goge kamar allo ba zai zama ginshiƙin mutum ba.

Labarin Lain ya bi ta wata hanyar. Da ta nutse cikin Wired, sai ga Lain fiye da ɗaya: mai kunya ta gida, mai tsaurin ido ta cikin na'ura, da wata muguwa mai dariyar ƙeta. Muguwar ce ta tona asirin Alice, ƙawa ɗaya tilo da ke ƙaunar Lain, ta baza shi a makaranta. Lain ta ce ba ita ba ce. Shin ƙarya ta yi? Duk wanda ya taɓa ɓuya bayan sunan bogi ya ci mutuncin wani, sannan ya wayi gari yana gaisawa da shi, ya san daɗin wannan amsar.

A nan nake ganin amfanin jiki. Jiki shi ne inda ake samun mutum. Mai bin ka bashi ya san ƙofar da zai yi sallama, mai yi maka ta'aziyya ma haka. Fuska ɗaya gare ka, da ita ka yi laifi jiya, da ita za ka je ban haƙuri yau. Shi ya sa a ƙarshen labarin, lokacin da Masami Eiri, injiniyan da ya naɗa kansa ubangijin Wired, yake nuna wa Lain cewa jiki ba shi da amfani, Alice ba ta tsaya musu ba. Ta tako har ɗakin Lain, cikin tarin wayoyi, ta kama hannunta ta ɗora a ƙirjinta, don ta ji bugun zuciyar mai jin tsoro wadda duk da haka ta zo. Zumunci a ƙafa yake.

Wani zai ce na yi wa intanet rashin adalci, kuma yana da hujja. A 2023 gwamnatin Japan ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.46 ne suka janye daga jama'a suka kulle kansu a gida, waɗanda ake kira hikikomori. Ga da yawansu, da marar lafiyar da ba ya iya fita, allon kwamfuta ne tagar da ta rage. Ba wanda zai ce a toshe ta. Sai dai taga ta leƙe ce, ba a shiga gida ta nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Lain ta gyara ɓarnarta. Ta goge kanta daga tunanin kowa. Chisa ta dawo da rai, Alice ta girma cikin kwanciyar hankali, har suka haɗu a hanya ba ta gane ta ba. Masu kallo da yawa sun ɗauki wannan a matsayin sadaukarwa, kuma akwai ƙauna a ciki. Amma a wurinmu mai shirin doguwar tafiya yakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa a yafe masa, domin yafiya haƙƙin wanda aka cuta ne. Lain ta ɗauke wa Alice ciwon, ta haɗa da damar cewa na yafe. Tana da ikon sauya duniya baki ɗaya, sai ta kasa abin da kowace yarinya mai shekara 14 za ta iya: ta tsaya a gaban ƙawarta, ta saurari hukuncinta.